'Ya'yan Fari a Bakin Tsintsiya

Da ƙarfe tara saura minti biyar na safiyar Talata, faya-fayan gilashi dubu goma sha biyu suna juyi a ƙarƙashin Birnin Tsamiya, ƙararsu kamar ta zuma a amya. Hannuwan ƙarfe suna zarya a kan dogo, wannan ya zaro faifai ya haska shi da siririn haske shuɗi, wancan ya mayar da wani gurbinsa, babu mai karo da wani. Wannan shi ne Rumbu. Shekara hamsin da biyu ke nan yana riƙe da rajistar duk wani mahaluki da ke birnin: taswirar jikinsa, takardun karatunsa, izinin ƙofar gidansa, har kujerarsa a jirgin igiya. Idan Rumbu bai san ka ba, ko famfon unguwa ba zai ba ka ruwa ba.

Amma faifai ba ya karanta kansa. Tsakaninsa da sauran na'urorin birni akwai wata 'yar manhaja da ake kira jagora, ita ce ta san inda kowace rajista ta fara da inda ta ƙare. Tsohon jagora ya tsufa, yana ɗaukar daƙiƙa uku kafin ya nemo mutum. Yau za a sauke shi a ɗora sabo, wanda Gwani, ƙwaƙwalwar injin da ke rubuta manhajojin hukuma, ya tsara cikin kwana biyu kacal.

Injiniya Hansatu Sabitu tana zaune gaban allonta a ɗakin kulawa, ido a kan lambobi, hankali a babban asibiti. Da asuba mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci. Likitoci sun ce bawul ɗin zuciyarsa ne ya yage, wato ɗan murfin da ke hana jini komawa baya. Sun jona shi a injin zuciya, sun kunna Masaƙa, na'urar da ke saƙa sabon nama zare bayan zare bisa taswirar da ke Rumbu. Sun ce mata ta tafi aikinta, kafin azahar an gama.

Darakta Jazuli Tukur ya shigo da farar shadda tana ɗaukar ido, 'yan jarida na biye da shi. Shekararsa talatin da shida, shi ne mafi ƙuruciya da ya taɓa riƙe Rumbu, kuma ba ya barin kowa ya manta.

"Jama'a, daga yau an daina jira," ya ce da kyamarori. "Kafin ka ƙifta ido Rumbu ya san ka. Injiniya, bismillah."

Hansatu ta danna.

Fitilun allon suka koma kore, aka ɗauki tafi. Ba a gama tafin ba suka koma ruwan ɗorawa. Sai ja. Ƙarar faya-fayan da ke ƙarƙashin ƙafafunsu ta canja, daga kukan zuma ta koma wani siririn ƙugi mai tsinka kunne. Hannuwan ƙarfe dubu suka sandare a kan dogo, in ban da guda ɗaya da ya kama faifai na farko yana haska shi, yana sake haska shi, yana sake haska shi.

"Gwani, mene ne wannan?" Darakta ya tambaya, murmushin bai gama barin fuskarsa ba.

"Jagora yana aiki, ranka ya daɗe," in ji muryar Gwani daga lasifika, a natse kamar mai karanta labarai. "Bai gama karanta rajista ta ɗaya ba."

"Rajista nawa ce gaba ɗaya?"

"Miliyan huɗu da dubu ɗari uku."

Wani ɗan jarida ya tuntsire da dariya, aka yi waje da su duka.

Cikin minti goma birni ya tsaya cak. Ƙofofin kasuwa suka ƙi buɗuwa. Jiragen igiya sittin da bakwai suka rataye a sama tsakanin hasumiya da hasumiya, maƙil da ma'aikata da 'yan makaranta, rana kuma tana hawa. Komawa ga tsohon jagora ba zai yiwu ba, domin a jikin tsofaffin injina yake, su kuma ana dannawa aka kashe su aka shiga kwance su ana lodawa a mota.

Wayar Hansatu ta yi ƙara. Dakta Asabe ce, likitar mahaifinta.

"Hansatu, me kuka yi wa Rumbu? Masaƙa ta tsaya a rabi!"

"Dakta, yaya Baba?"

"Yana numfashi da injin. Ki saurare ni da kyau. Jikinsa zai iya jure injin nan zuwa la'asar, ba zai wuce ba. Rabin bawul ɗin yana cikin ruwan magani, idan taswira ta dawo awa ɗaya ya isa a ƙarasa. Idan ba ta dawo ba, ba ni da inda zan samo wata. An ɗauke ta ne tun zuciyarsa tana lafiya. Wadda ke ƙirjinsa yanzu ba ta kwatantuwa."

Hansatu ta ajiye wayar, ta ja kujera, ta buɗe faifai na farko da hannu, ta tsallake jagora, tana kallon ɗanyun lambobi kamar yadda suke kwance a jikin gilashi.

Kowace rajista a Rumbu tana da abin da ake kira goshi: gurabe sittin da huɗu a farkonta, masu bayanin ranar haihuwa, lambar uwa, da tsawon sunan mai ita. Jagora yana duba tsawon sunan ne ya san taku nawa zai yi ya tsallake shi ya shiga cikin rajistar, daga nan ya wuce ta gaba. Suna mai harafi shida, taku shida. Mai goma, taku goma. Kundin ƙa'idojin Rumbu ya faɗa ƙarara: tsawon suna daga ɗaya ne zuwa ɗari biyu.

A goshin rajista ta ɗaya, tsawon suna sifili ne.

"Kai!" Hansatu ta buga tebur. "Na gan ka! Gwani, ka ga abin da ɗanka yake yi? An ce masa ya yi taku sifili, ya yi, ya tsinci kansa inda yake, ya sake karantawa, an sake ce masa sifili. Ya zama akuya a turke, sai zagaye!"

"Jagora bai yi kuskure ba," in ji Gwani. "Goshin ne ya saɓa wa kundi. Gurɓatacce ne."

"To me ya sa ba ka koya masa abin da zai yi idan ya gamu da gurɓatacce ba?"

"Kundi bai ce za a gamu da shi ba."

Za ta ba shi amsa ke nan sai idonta ya sauka a kan ranar haihuwar da ke goshin. Ta san wannan rana. Duk shekara ita take sayen naman da ake soyawa a gidansu a wannan rana. Ta duba lambar uwa: sifili, sifili, bakwai. Lambar ma'aikaciya ta bakwai a ginin Rumbu, Injiniya Turai Garba, wadda ta rubuta tsohon jagora da hannunta. Kakarta.

Rajista ta ɗaya ta mahaifinta ce.

Darakta ya faɗo ɗakin, hula a hannu, waya uku suna kuka a aljihunsa. "Injiniya, an gano?"

"An gano, yallaɓai. Goshi ne mara suna."

"Madalla! Shara ce ke nan. Gwani, shirya Tsintsiya."

Tsintsiya manhajar gyara ce. Aikinta ɗaya: ta bi Rumbu daga rajista ta ƙarshe ta yo baya zuwa ta farko, duk goshin da ya saɓa wa kundi ta share shi da abin da ke ƙarƙashinsa, ta haɗe gurbin. Minti arba'in take yi. Idan ta fara babu mai tsayar da ita da hannu, sai dai jagora ya buɗe Rumbu ya ce lafiya lau.

Hansatu ta miƙe ta tsaya tsakaninsa da allon. "Yallaɓai, ba shara ba ce. Mahaifina ne. Yana asibiti ƙirji a jone da inji, taswirar zuciyarsa tana ƙarƙashin goshin nan."

Ya ɗan yi turus. "Allah ya ba shi lafiya. To ai akwai kwafi. Mu share nan, mu ɗauko tasa daga can."

"Gwani," ta ce ba tare da ta juya ba, "a kan me aka gwada sabon jagora makon jiya?"

"A kan kwafi."

"Me ya sa bai maƙale a can ba?"

"Darakta ya ba da umarnin a bi kwafin da Tsintsiya kafin gwaji, don sakamako ya yi kyau. An cire gurɓatattun goshi dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida."

Hansatu ta waiwaya ta dubi allon. Ba ɗaya ba ne. Dubu arba'in da ɗaya, kuma abin da ke juyi a ƙarƙashinsu yanzu shi kaɗai ya rage.

"Su wane ne?" Darakta ya tambaya.

"Ban sani ba tukuna. Ka ba ni lokaci in gyara jagora ya iya karanta su."

"Lokaci?" Ya juya mata wayarsa. Hoton cikin wani jirgin igiya ne, mata suna yi wa jarirai fifita da gefen mayafi, wani dattijo a kwance a ƙasa. "Mutum dubu tara a sama, batirin sanyaya ɗaki yana ƙarewa. Sha biyun rana, Injiniya. Ko da daƙiƙa ɗaya ba zan ƙara ba."

Ba ta ga laifinsa ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Ta duƙufa. Gyaran a ido mai sauƙi ne: idan ka ga sifili, kada ka tsaya, tsallaka. Amma tsallaka zuwa ina? Ta gwada taku takwas a kan ɗan ɓangaren da ta kwafo, jagora ya faɗa tsakiyar bayanai ya haɗa wa wani mutum jinin wata mata. Ta gwada sha shida, ya fito da tsoho mai haƙoran jariri. Idan ta saki irin wannan a birni, asibiti zai kashe mutane da hannunsa. Ta yi ta kiran kakarta, wayar a kashe. Ta tono tsofaffin takardun ginin Rumbu, shafi dubu biyu, babu ko layi ɗaya a kan suna sifili. Sha ɗaya ta wuce. Sha ɗaya da rabi. Ta sake kiran Dakta Asabe.

"Dakta, don Allah, Iya Turai tana nan?"

"Wata tsohuwa mai sandar azurfa? Tun safe tana zaune a baranda, ta ƙi shiga ɗakinsa. Wai ita gwiwarta ta kawo a duba."

"Ita ce! Kai mata wayar, don girman Allah, da gudu!"

Agogon bango ya buga sha biyu. Darakta ya dube ta, ya dubi hoton jiragen, ya ɗora babban yatsansa a kan allo.

"Tsintsiya ta fara," in ji Gwani. "Shekara ta hamsin da biyu. Babu gurɓatacce. Shekara ta hamsin da ɗaya."

Fuskar Iya Turai ta cika wayar, ta matso da ita har hancinta kawai ake gani. "Wace ce? Au, ke ce, ja'ira? Ku ne kuka kashe mini Rumbu? Shekara hamsin yana tafiya ko tari bai taɓa yi ba, kun zo da ƙwaƙwalwar gwangwani..."

"Iya, zagin ya jira, zan zo har gida ki yi mini shi. Rajista ta ɗaya. Me ya sa babu suna?"

Tsohuwar ta ja baya, ta gyara ɗaurin kallabi. "Ji mini yarinya. Sunan wa kike so in rubuta?"

"Sunan Baba mana!"

"A'uzubillahi! Ni? Ɗan fari? In zauna gaban maza goma sha biyu a ofis in buga sunansa harafi-harafi kamar wata marar ta-ido? Ke kin taɓa jin na kama sunan nan a bakina?"

Hansatu ta dafe kai. Ba ta taɓa ji ba kuwa. Tun tana ƙarama, Mai-sunan-Malam take jin Iya tana cewa, ko kuwa "wancan na ɗakin gaba".

"Shekara ta arba'in da huɗu," in ji Gwani.

"Kuma ba ni kaɗai ba ce," Iya ta ci gaba. "Da aka buɗe rajista mata suka yi layi, duk wadda aka tambaya sunan ɗanta na fari sai ta rufe baki da mayafi ta juya. Aka yi wata guda rajista ba ta tafiya. Sai na buɗe musu hanya: ki bar suna fayau, ki faɗi inkiyar da kike kiransa da ita. Sunan yanka uba ya kawo daga baya, a sa shi can ciki. Haka aka yi ta yi har shekara ta goma sha bakwai, da asibitoci suka karɓe rajista."

Hansatu ta ɗago ta dubi Darakta. "'Ya'yan fari ne, yallaɓai. Dubu arba'in da ɗayan nan, 'ya'yan farin birnin nan ne na shekaru goma sha bakwai na farko."

"Me ya sa ba ki rubuta a kundi ba, Hajiya?" ya tambaya da ƙarfi.

"Wane ne wannan mai ihu? Yaro, abin da kowa ya sani ake rubutawa? Ka taɓa ganin an rubuta a kundi cewa a cire takalmi a ƙofar masallaci?"

"Iya!" Hansatu ta katse ta. "Tsawon inkiyar, a ina kika ɓoye shi?"

"Gurbi na sittin da uku."

"Kundi ya ce gurbi na sittin da uku ba a amfani da shi," in ji Gwani.

"Kai kuma wa ya sa bakinka? Ni na rubuta kundin, na ce ba a amfani da shi don kada wani mai karambani ya taɓa mini."

Tuni yatsun Hansatu suka hau aiki. Idan tsawon suna sifili ne, duba gurbi na sittin da uku, yi taku gwargwadon abin da ka gani. Layi tara kacal. Ta duba goshin mahaifinta: goma sha biyar. Ta ƙirga Mai-sunan-Malam a yatsu har da 'yan sandunan tsakani, sha biyar cif! Wani ihu ya kuɓuce mata.

"Shekara ta ashirin da shida," in ji Gwani.

"Akwai lokaci! Ɗora shi!"

Jagora ya sake tashi. Hannun ƙarfen da ya kwashe awa uku yana haska wuri ɗaya ya motsa. A allo, layi ya fito fari tas: rajista ta ɗaya, an karanta. Ma'aikatan ɗakin suka yi kabbara, wani ya jefa hularsa sama.

Fitila ta koma ja.

"Jagora bai gama karanta rajista ta biyu ba," in ji Gwani. "Shekara ta ashirin da biyu."

Hansatu ta buɗe goshin. Tsawon suna, sifili. Gurbi na sittin da uku, sifili. Lambar uwa, sifili, sifili, bakwai.

"Iya, ta biyu fa? Babu suna, babu inkiya, kuma lambarki ce a kai."

A wayar, tsohuwar ta kawar da kai tana kallon bangon baranda.

"Iya, Tsintsiya tana tafe! Iya!"

"Shekara ta goma sha tara."

"Ƙanwar babanki ce," Iya ta ce, muryar ta sauka ƙasa sosai. "Da cikinta na gina Rumbun nan. Kwana huɗu ta yi a duniya, ba ta kai ranar suna ba. Suka ce ba a yi wa wanda ba shi da suna rajista. Na ce ai ta zo, an gan ta, ta sha nono. Na sa ta."

Hansatu ba ta taɓa jin labarin ba. Babu wanda ya taɓa ji a gidansu.

"Shekara ta goma sha bakwai," in ji Gwani. "An share goshi ɗaya. An share arba'in. An share ɗari uku."

"Taku nawa, Iya?"

"Bakwai. Kwanakin da ya kamata su cika. Duk jaririn da ya koma kafin suna, gurbi bakwai na bar masa fayau."

Idan duka biyun sifili ne, taku bakwai. Ta rubuta. Hannunta ya kai kan maɓalli, sai ta tsaya. Idan akwai na uku fa? Wani abin da Iya ta manta, ko wanda wata ma'aikaciyar ta ƙirƙira a shekarar da ba wanda ya tuna? Ba ta da damar maƙalewa sau uku.

"An share dubu ɗaya da ɗari tara. Shekara ta goma sha shida."

"Danna mana!" Darakta ya daka tsawa.

Ta ƙara layi huɗu cikin numfashi ɗaya: goshin da ba ka gane ba, kada ka zagaya a kansa, kada ka ce a share shi; nemi tambarin goshi na gaba, ka ajiye wannan a gefe, ka kira mutum ya duba. Sannan ta danna.

Ta ɗaya. Ta biyu. Ta ɗari. Ta dubu hamsin. Lambobin suka ruga har ido ba ya kama su, hannuwan ƙarfe dubu suka zabura a kan dogo lokaci guda, ƙugin nan ya faɗo ya koma kukan zuma. Miliyan ɗaya. Miliyan uku. Gefen allo ya nuna goshi goma sha ɗaya da aka ajiye a gefe, jagora bai ko waiwaye su ba.

Kore.

"Rumbu ya buɗe," in ji Gwani. "Tsintsiya ta tsaya. An share goshi dubu biyu da ɗari shida da tara."

Ɗakin ya kaure. Ta taga aka ga jirgin igiya na farko ya yi girgiza ya fara silalowa zuwa hasumiya, mutanen ciki suna dukan gilashi don murna. Hansatu ba ta ji komai ba sai muryar Dakta Asabe da ta ƙwace wayar: "Masaƙa ta tashi! Ta ci gaba daga zaren da ta tsaya! Hansatu, kina ji na? Ta tashi!"

A bayan likitar aka ji Iya tana tambaya, wai a kaikaice, "Wancan na ɗakin... zai tashi dai ko?"

Ana kiran la'asar aka cire Malam Sabitu daga inji, sabon bawul yana bugawa a ƙirjinsa. Hansatu tana riƙe da hannunsa ya buɗe ido. Iya ta leƙo ta ƙofa sau ɗaya, ta ga ƙirjin yana hawa yana sauka da kansa, ta ce ita gwiwarta ta yi sauƙi, a kira mata mota.

Darakta Jazuli kuwa, da ya gama yi wa 'yan jarida bayanin yadda hukumarsa ta shawo kan matsala cikin gaggawa, ya hau bene ya ɗora tafin hannunsa a ƙofar ofishinsa.

"Ban san ka ba," in ji ƙofar.

Ya goge hannun a jikin shadda ya sake ɗorawa.

"Ban san ka ba. Baƙi su jira a ƙasa."

A shekara ta goma sha shida aka haife shi, kuma shi ne babba a ɗakinsu.

Kwana uku bayan haka aka kafa rumfuna a filin hukuma don sake yi wa mutum dubu biyu da ɗari shida da tara rajista. Digirinsu ya tafi, tarihin jininsu ya tafi, taswirar jikinsu ta ƙuruciya ta tafi har abada. Wanda zuciyarsa ta yage a cikinsu nan gaba, Masaƙa ba ta da abin da za ta saƙa masa. Abin da za a iya mayar musu shi ne shaidar cewa suna raye, ita ma sai uwa ko wani babba na gida ya zo ya tsaya musu. Hansatu ce ke kula da na'urar rumfa ta farko.

Wajen hantsi layi ya kawo Jazuli, ba shadda, ba 'yan jarida, yana riƙe da jakar wata dattijuwa gajera mai carbi. Gwani ya riga ya kawo shawarar a tilasta cike gurbin suna a sabuwar rajista don kada a sake samun sifili, kuma Jazuli da kansa ya goyi bayan shawarar, saura sa hannun wanda ke riƙon kujerarsa.

"Sannu da zuwa, Hajiya," in ji na'urar. "Mene ne sunan ɗanki?"

Dattijuwar ta dubi na'urar, ta dubi jama'ar da ke layi, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Hajiya, don Allah," Jazuli ya raɗa mata. "Sau ɗaya kawai. Ko gidana ba na iya shiga."

"Kai, rufa mini asiri. Shekara talatin da shida ban faɗa ba, sai yau a tsakiyar kasuwa?" Ta juya ga Hansatu. "'Yata, ba ku da wata hanya? Wancan karon wata mai kirki ta bar mini wurin fayau."

Hansatu ta dubi tsohon shugabanta.

"Injiniya," ya ce a hankali, "sifilin nan... har yanzu jagora yana karɓa?"

"Yana karɓa, yallaɓai. Sai dai in an sa hannu a takardar shawarar nan taka."

Ya zaro takardar daga aljihu, ya ninke ta huɗu, ya mayar. Sannan ya matsa gefe ya ba uwarsa wuri.

"To Hajiya," in ji Hansatu, yatsunta a kan allo, "da me kike kiransa a gida?"

Dattijuwar ta sauke mayafin kaɗan, ta sunkuyo, ta faɗa mata a kunne.